Kwalin Kawu: aikin kwashe ƙananan faya-fayai 143

Asabar, 11 ga Janairu 2025

To yau dai Allah ya yi, na ɗauko kwalin faya-fayan garmahon nan daga gidan Kawu a Kakuri. Shekara da shekaru ina jin labarinsa, duk sallah in mun je gaisuwa sai ya nuna saman kabad ya ce wata rana zai sauko da shi. Da na ce masa Kawu ka ba ni aro in kwashe su a kwamfuta kafin gara ta ƙarasa su, shiru ya yi na ɗan lokaci sannan ya ce "ɗauki ɗana, amma ko guda kar ka sayar." Na yi masa alkawari.

Na ƙirga sau biyu, 143 ne. Duk ƙanana ne masu faɗin inci bakwai, waƙa ɗaya a gaba ɗaya a baya, irin masu juyi 45 a minti ɗin nan da kamfanin RCA Victor na Amurka ya fara fitarwa a 1949. Kawu ya sayi yawancinsu ne tsakanin 1971 da 1978 lokacin yana aiki a masaƙa, wasu a nan Kaduna wasu a Jos, wasu kuma wani abokinsa da ya je karatu Ingila ne yake kawo masa tsaraba.

Abin da ya tsaya min a rai, ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina karanta sunayen da ke jikin takardar tsakiya, cikin duk tulin nan sunaye goma sha ɗaya kacal na taɓa ji. Sauran wasu ƙungiyoyin makaɗa ne da ban ma san an yi su a duniya ba. Na ce Kawu ya aka yi ba ka tara na manyan mawaƙa ba? Ya ce na manya ai kullum rediyo na sa su kyauta safe da yamma, me zai kai shi kashe kuɗinsa. Shi abin da yake saya shi ne wanda in bai saya yau ba to shi da ƙara jin sa har abada.

Aikin kashi uku ne: in wanke su, in ɗauke su a kwamfuta, sannan in nemo ko su waye suka buga kowace waƙa in rubuta. Na ba kowane faifai lamba da fensir a jikin jakarsa.

Lahadi, 19 ga Janairu

Wanki. Na gama 60.

Ruwan batir nake amfani da shi, wato tataccen ruwan nan da ba gishiri a ciki, da ɗigon sabulun wanke-wanke guda ɗaya tak a roba, sai ƙyalle mai laushi ina bin layin faifan a zagaye, ba a gicciye ba. Takardar tsakiya ba ta son ruwa sam, da murfin kofi nake rufe ta. Hunturun nan kuma bai taimaka ba, kana gama gogewa ka jingine shi ya sha iska kafin ka juyo ƙura ta sake kwanciya a kai kamar ana kiran ta, dole na koma shanya su cikin ɗaki na rufe taga na sa tsumma a ƙasan ƙofa.

Guda tara sun tsage. Akwai kamar goma sha biyar da ruwa ya taɓa shiga ta gindin kwalin wata damina, takardar ta narke ko gara ta ci, sunan duk ya tafi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Maganar garmaho ta ci min sati biyu. Na samo wani a wajen masu kayan gwanjo, mai kyau da shi, aka haɗa min da ƙaramin taransifoma saboda na wutar 110 ne. Na kai gidan Kawu don ya zama shi ne zai fara ji, na ɗora faifai na farko, ko minti ɗaya ba a yi ba ya ɗaga hannu ya ce tsaya, wannan ba muryar yaron nan ba ce, an tsofar da shi. Ni a kunnena lafiya lau nake ji don ban san asalin ba, amma shi shekara hamsin bai manta ba.

Mai gyaran rediyon layinmu ne ya warware min. Ya ce garmahon na Amurka ne, motarsa da bugun wuta take tafiya, su can wutarsu bugu 60 take yi a daƙiƙa, tamu 50. Taransifoma ƙarfin wutar kawai yake ragewa, ba ya taɓa bugun. Kenan maimakon juyi 45 faifan 37 da rabi yake yi, shi ya sa murya ta yi kauri kiɗan ya yi nauyi. Ya ƙara da cewa ko da na wutarmu ne, in dai irin wannan motar ce, ranar da na kunna da janareta waƙar za ta riƙa hawa da sauka. Na mayar aka canza min wani wanda motarsa ba ruwanta da bugun wuta, muka sa masa sabon bel da sabuwar allura.

Wani abu da na koya kuma, ba a jona garmaho kai tsaye da kwamfuta. Tun wajen yanka faifan ake rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa don layin ya samu wuri, sai an bi ta wani ɗan akwati da zai mayar da komai daidai, in ba haka ba abin da za ka ji siriri ne kamar kukan sauro. Na saya, na ɗaura siririyar wayar nan a jikin ƙarfensa ƙugin da nake ji ya ɗauke. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity nake ɗauka da ita tunda kyauta ce.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na ɗauki 71 gaba da baya. Bari in faɗi gaskiya tun yanzu, ba duka ne masu daɗi ba. Da yawa kwaikwayo ne kawai, kana ji ka san wane suke so su zama kuma ba su kai ba. Rashin suna ba ya sa waƙa daɗi. Amma cikin kowane goma sai in ci karo da ɗaya ko biyu da za su sa in ajiye abin da nake yi in dawo da allura farko, kuma waɗannan ɗin ne suka hana ni barci kwanakin nan.

Lamba 58 ce ta fi kama ni. Tana cikin waɗanda ruwa ya ci, abin da ya rage a takardar jan launi ne da rabin wani harafi. Minti biyu da daƙiƙa 41 ce. Ba wata shimfiɗa, organ ne ya faɗo da wasu 'yan sautuka guda biyar ya maimaita su sau biyu, sai tafi, sai mai waƙa ya shigo, kafin daƙiƙa ashirin an riga an kai amshi. Amshin kuma kalma huɗu ne na Turanci da irin lafazin mutanenmu, mutum uku suke yi tare kuma ɗayansu ya ɗan fi sauran ɗaga murya, kana jin sa daban kamar ya matso kusa da makirfo da gangan. Mai ganga tun daga tsakiya ya fara sauri, na gwada da tafin hannu na tabbatar, ƙarshen waƙar ya fi farkonta gudu, sauran kuma suka bi shi ba wanda ya tsaya. A amshi na ƙarshe muryar mai waƙar ta ɗan fashe, suka bar ta a haka. Yau in a situdiyo ne da kwamfuta za a goge wannan a daidaita gangar tsaf, kuma wallahi da an yi haka da an kashe waƙar, don daidai wurin fashewar nan ne tsigar jikina take tashi.

Na zauna ina tunanin me ya sa irin waɗannan suke kama mutum haka. Wani ɓangaren faifan ne da kansa ya tilasta. Inci bakwai a juyi 45 minti uku zuwa huɗu yake ɗauka da kyau, in ka matsa masa ya wuce haka dole a matse layukan sautin ya ragu, gidan rediyo ma gajera yake so. Kenan ba ka da filin jan rai. Amma babban dalilin a ganina shi ne yaran nan sun san dama ɗaya gare su. Babban mawaƙi in wannan ba ta karɓu ba wata za ta karɓu, yana da kundi guda, yana da baɗi. Su kuwa wataƙila kuɗin da suka tara na wata shida ne suka biya awa biyu a situdiyo, ko wani kamfani ya ce ku zo mu gwada ku sau ɗaya. Duk abin da suke da shi mai kyau a nan suka zuba, ba su ajiye komai don gobe ba. Ana jin wannan a cikin kiɗan, ba sai an faɗa maka ba.

Shaida kuma a gida na same ta. Ɗiyar yayata 'yar shekara shida tana tsakar gida tana wasa da murafen kwalba, sau biyu kawai na sa lamba 58 taga a buɗe, da la'asar sai ga ta tana rera amshin tana ɗiban ruwa a randa, kalmomin duk ta mayar da su nata don ba ta jin Turanci, amma karin bai kuskure ko kaɗan ba. Har da tafin a wurinsa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Neman sunaye. Masu takarda lafiyayya ba su ba ni wuya sosai ba, Discogs, shafin intanet da ke tattara bayanan faya-fayai, ya taimaka, na samu 88 a can da shekara da kamfani. Amma sau da yawa abin da za ka gani ke nan, suna da faifai ɗaya ƙwal a ƙarƙashinsa, ba hoto ba sunan kowa. Lamba 58 na sa wa Shazam, manhajar waya mai gano sunan waƙa, sau biyar, a farko a tsakiya a amshi, bai san ta ba.

Cikin binciken ne na gano ashe ciwon Kawu ciwon mutane da yawa ne. Bakwai daga tsarabar Ingilan nan waƙoƙin baƙaƙen Amurka ne masu saurin kiɗa na shekarun 1960, ina bin sawunsu na faɗa labarin abin da ake kira Northern Soul. Matasa ne 'yan aikin masana'anta a arewacin Ingila, irin su Manchesta da Wigan, suka ƙi waƙoƙin da ke tashe suka koma farautar ƙananan faya-fayan da aka buga a Detroit da Chicago waɗanda ba su yi kasuwa ba ko kaɗan a ƙasarsu. A wani zaure da ake kira Wigan Casino daga 1973 zuwa 1981 kwana ake ana rawa da su har gari ya waye. Masu sa faifan har Amurka suke zuwa suna tonon rumbunan da aka jibge kayan da suka yi kwantai. Waƙar Tainted Love da duniya ta sani ta Soft Cell a 1981, asalinta ta Gloria Jones ce, a bayan faifai ta fito a 1965 ba wanda ya kula ta, sai da waɗannan yaran suka tono ta.

Sai dai akwai abu biyu a al'adar tasu da ban so ba. Na farko, mai sa faifai in ya samo wata mai zafi sai ya liƙe takardar tsakiyar ya rubuta sunan ƙarya don kar abokan hamayya su nemo tasu. Na fahimci kishin sana'a, amma mutumin da ya yi waƙar fa? An ƙi sayen ta a garinsu, yanzu ga dubban mutane na rawa da ita a wata ƙasa kuma an rufe sunansa. Wannan bai yi min ba. Na biyu kuɗi. Faifan Frank Wilson na 1965 wanda aka lalata kusan duk kwafinsa, an sayar da guda a 2009 sama da fam dubu 25. Daga nan magana ta tashi daga kunne ta koma aljihu. Ni lamba 58 ko kwafi miliyan ne da ita a duniya haka za ta riƙa tayar min da tsigar jiki.

Azumi ya zo, na rufe garmaho da zani. Sai bayan sallah in Allah ya kai mu.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na dawo aiki, da asara. Na bar guda shida a kan tebur kusa da taga, zafin watan jiya ya lanƙwasa biyu, lamba 102 da 117. Abin ya dame ni ƙwarai don amana ce, na je na faɗa wa Kawu da bakina, ya ce ba komai amma na ga fuskarsa. Na sa su tsakanin gilasai biyu na ɗora littattafai a kai, za su yi makonni a haka. Sauran duk na tsayar da su a tsaye cikin akwatin katako a ɗakin da ya fi sanyi.

Satin nan na gida na bi, bugun Najeriya, su 49 ne. Nan ne na ji kunya da daɗi a haɗe, don ban san an yi wannan zamanin ba. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970 samari suka ɓarke da kafa ƙungiyoyin jita, musamman a gabas, Aba da Inugu da Onica, ga kuma Legas inda kamfanin faifai na EMI ke da situdiyo a Apapa a lokacin, kamfanin Decca ma na nan. Wasu sun yi suna, kamar Ofege da suka fito suna 'yan makarantar St Gregory's a Obalende, ko The Funkees. Amma a bayan kowace ɗaya da ta yi suna akwai tuli da suka buga faifai ɗaya ko biyu suka watse, wani ya koma makaranta wani ya kama aikin gwamnati wani ya shiga kiɗan coci. Irin waɗannan ne suka cika kwalin Kawu. Kamfanonin waje irin su Soundway a 2010 da Now-Again a 2016 sun tattara wasu sun sake fitarwa, na gode musu don ta nan na gane ƙungiya uku, amma raina ya sosu da cewa sai daga London da Los Angeles za a faɗa min abin da aka buga a ƙasata lokacin kawuna yana saurayi.

Kiɗan nasu daban yake da na tsarabar Ingila. Jitar tana da ƙazanta mai daɗi, ganga kuma ba ta tafiya a miƙe, akwai wata 'yar tangarɗa da ke sa kafaɗa motsi. Yanzu na fi karkata ga cewa lamba 58 'yar gida ce.

Lahadi, 20 ga Afrilu

An kai 131 a kwamfuta. Marasa suna sun ragu zuwa tara.

Dabarar da ta cece ni, akwai wani fili sumul tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya, in ka karkata faifan a hasken tocila za ka ga lambobi da haruffa da aka zana tun wajen yanka shi. Ruwa ba ya cin wannan, gara ma haka. Da su na gano shida cikin marasa takarda. Na lamba 58 da hannu aka karce shi, lambobi ne guda huɗu da harafin A, na bincika su ko'ina ba abin da ya fito.

Jiya na kusa cewa a bar ta haka nan, sai na tuna labarin wata waƙa da aka yi ta nema a intanet. Wani yaro ne a arewacin Jamus ya ɗauke ta a kaset daga gidan rediyon NDR wajajen 1984 bai rubuta sunan masu ita ba. A 2007 aka ɗora ta a intanet ana cigiya. Shekara 17 mutane a ƙasashe daban-daban suna nema, suna sauraron lafazin mai waƙar, suna tono jadawalin shirye-shiryen gidan rediyon, ba don komai ba sai don waƙar ta kama su. Sai a Nuwamban 2024 wani ya bi ta wata tsohuwar jarida ya gano ƙungiyar, FEX sunanta daga garin Kiel, waƙar kuma Subways of Your Mind. Mutanen suna nan da ransu sun manyanta, ba su ma san ana neman su ba, daga baya har suka sake haɗuwa suka buga ta. Ina tuna wannan sai na ji ni wata uku kawai na yi. Kuma in mai muryar nan da ta fashe yana raye, yanzu ya haura saba'in, ina so ya ji cewa wata yarinya a Kaduna tana rera amshinsa a bakin randa.

Asabar, 10 ga Mayu

An gama ɗauka. 132 cikin 143, tara sun tsage, biyun da ke ƙarƙashin gilashi ɗaya ya miƙe har allura na iya bi amma ban ɗauke shi ba tukuna, ɗayan bai miƙe ba. Na zaɓi ashirin da suka fi kama ni na zuba a memori na kai wa Kawu da 'yar sifika, na ƙi faɗa masa jerin.

Muna zaune a zaure bayan la'asar. Wasu ya gyaɗa kai, wasu ya faɗi sunan ƙungiyar tun kafin a fara waƙa, ɗaya ma ya ce wannan ai don bayanta na saya ba don gabanta ba, na duba kuwa ta bayan ce na zaɓa. Da organ ɗin lamba 58 ya shigo sai ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa. Bai ce komai ba har ta ƙare, yatsunsa biyu suna bugun gwiwa, kuma daidai inda mai ganga ya fara sauri su ma suka ƙara sauri. Ya ce sake sa ta. Na sake.

Na ce Kawu su waye? Ya ce sunan ya ɓace masa, yana bakinsa amma ya ƙi fitowa. Abin da ya tuna, ba a kanti ya saye ta ba. A Jos ne, wani daren Asabar, su biyar ne a kan dandamali duk da riga iri ɗaya, bayan an tashi mai organ ɗin da kansa ya buɗe jaka a bakin ƙofa yana sayarwa hannu da hannu. Ya ce shekarar da aka canza kuɗi ne ko wadda ta biyo, don ya tuna da sabuwar naira ya biya, kenan 1973 ko 1974. Kuma ba shi kaɗai ya je ba, da wani amininsa ne wanda har yanzu yana Jos, shi ma ya sayi nasa a daren, kuma a cewar Kawu mutum ne da ba ya yar da takarda.

Ya ba ni lambar ɗan mutumin. Na kira da magariba, ya ce Baba yana nan da sauƙi sai dai kunne ya yi nauyi, akwai wasu akwatuna a ɗakin baya da ba wanda ya buɗe tun rasuwar mahaifiyarsu, zai tambaye shi. Na tura masa waƙar ta WhatsApp ya sa masa kusa da kunne. In ya amince Asabar mai zuwa zan shiga motar safe, zan tafi da tocila da hoton lambobin nan huɗu.